Wa Ya Aiko da Diyyar Uban Mardiyya?

Delu Garba tana da shekara hamsin da takwas. Mijinta ya rasu, kuma kifi take soyawa a bakin tashar Madarumfa tun lokacin da ake sayar da ƙunshi ɗaya dala biyar. Rumfarta ta kara ce, da murhu biyu, da babban kasko wanda gefensa ya lotsa. 'Yan tasha ba sa kiranta da sunanta. Wa-ya-aiko suke ce mata, domin duk wanda ya miƙo mata abu, ko goro ne, ko saƙon gaisuwa, sai ta tambaye shi wanda ya aiko shi kafin ta buɗe hannu.

A wani ƙauye na yankin Sarkin Yamma aka haife ta, gidan manoma gero. Aure ne ya kawo ta bakin tabkin Madarumfa. Mijinta Gambo masunci ne, kuma a wurinsa ta koyi duba kifi: ta buɗe kunnensa ta ga ja ne ko ya fara toka, ta danna cikinsa da yatsa, ta sunsuna. Har yau ba ta sayen kifin da ba ta ga an sauke shi daga jirgi ba. Masunta suna yi mata tsiya a kan haka, amma ita suke fara nuna wa tarwaɗa idan ta yi kyau. Da Gambo ya rasu ya bar mata 'ya'ya maza biyu. Ƙaramin, Ibrahim, yana ci-rani a Najeriya, yana zuwa da damina idan hanya ta yi kyau. Babban shi ne Yusuf.

Yusuf ɗan fari ne, don haka Delu ba ta taɓa kiran sunansa ba. Yana yaro "kai" take ce masa, ko "wancan". Da ya yi aure ya sami 'ya, sai ya koma uban Mardiyya. Matarsa Sa'adatu ma ba ta faɗin sunan, kamar yadda matan gidajensu suke yi wa mazajensu. Ya zauna a gida ɗaya da mata biyu da suka fi kowa sonsa, kuma babu wadda ya taɓa jin sunansa a bakinta.

Kabu-kabu yake yi. Moto ɗin ba nasa ba ne, na Alhaji Abdurrahman ne, ɗan kasuwa mai babban shago kusa da tasha, wanda yake shigo da isansi, wato fetur, da kayan masarufi daga Najeriya. Alhaji yana da motoci masu ƙafa biyu da yawa a hannun samari, suna aiki suna kawo masa kuɗin mako, idan kuma yana da aike su ne 'yan aiken.

Shekara uku ke nan, bayan girbi, wata rana da la'asar, Alhaji ya aiki Yusuf wani ƙauye gaba da Gabi, wajen bakin daji, da jarkokin isansi da ɗaurin burodi. Manoma masu dawowa daga gona ne suka tsince shi a gefen hanya, an harbe shi a ƙirji. Babu moto, babu kaya. Jandarmomi sun zo, sun ji ta bakin kowa, har da Alhaji, wanda ya ce wani mai shagon ƙauye ne ya yi odar kayan. Ba a kama kowa ba. A shekarar an kashe mutane da dama a hanyoyin nan, kuma kowa ya ce 'yan bindiga ne.

Abin da aka tabbatar ke nan. Sauran maganganu ne. Sa'adatu ta ce mijinta ya gaya mata, kwanaki kaɗan kafin ranar, cewa ya gaji da wannan aike, zai mayar da makulli ya koma su a tabki. Bai faɗa mata dalili ba. A tasha an san irin mutanen da suke sayen isansi da burodi da yawa a bakin daji. Bayan wasu watanni aka fara raɗa cewa an ga moto mai kama da na Yusuf, an sake masa fenti, a hannun wani yaron Alhaji. Ni mai ba da wannan labari na nemi wanda ya gani da idonsa. Kowa ya ce wani ne ya gaya masa.

Delu ba ta zargi kowa da baki ba. Ta koma bakin kasko bayan sadakar arba'in. Abin da aka lura da shi kawai shi ne ta daina sayen man suya a shagon Alhaji, tana tafiya har cikin kasuwa ta sayo mai tsada.

Bara da rani sai labari ya zo cewa wata ƙungiyar agaji, furoje kamar yadda ake cewa a nan, za ta ba iyalan waɗanda aka kashe kuɗi, jika ɗari uku na sefa kowane gida. Aka kafa kwamitin mutanen gari da zai nuna gidajen da abin ya shafa, kuma Alhaji Abdurrahman yana cikinsa. Ma'aikaciyar furojen, Madam Asma'u, daga Yamai ta zo. Da Zabarmanci da Faransanci ta girma, Hausarta ta ciniki ce, tana kama magana idan an yi a hankali. An riga an gargaɗe ta cewa za a sami masu zuwa da mamatan ƙarya.

Aka tara mutane a inuwar farfajiyar meri, ofishin magajin gari. Da aka zo kan gidan Delu, sai Madam ta ɗaga kai ta ce, "Mama, mene ne sunan wanda ya rasu?"

Delu ta dubi Sa'adatu. Sa'adatu ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta.

"Sunansa," in ji Madam. "Ke ce uwarsa, ko?"

"Ni ce."

"To yaya sunansa?"

"Uban Mardiyya," in ji Delu.

Madam ta ajiye biro. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya, irin duban da Delu take yi wa kifin da ya kwana. Daga baya ta gaya mini cewa a ranta ta gama yanke hukunci: ga uwa da mata, kuma babu wadda ta san sunan mamacin.

Alhaji ne ya shiga tsakani, yana dariya. "Madam, ɗan fari ne, kunya ce irin tamu. Yusuf Gambo sunanshi. Yarona ne. Gaba da Gabi abin ya faru, bayan ƙoramar nan, wajen tsamiya ta biyu."

Aka rubuta. Delu ta ce tun a nan abin ya tsaya mata a rai. Ita uwarsa ba ta san akwai tsamiya a wurin ba, kuma a iya saninta Alhaji bai bi waɗanda suka ɗauko gawar ba.

Da aka gama rubuta sunaye, Madam ta miƙe ta karanta bayani da Faransanci, Alhaji yana juyawa zuwa Hausa. Ta faɗi wata kalma sau da yawa, shi kuma duk lokacin da ta faɗe ta sai ya ce diyya. A ƙarshe ya ce, "To jama'a, kun ji. Diyya ce anka kawo muku. Wanda ya karɓa, magana ta ƙare, a bar ma Allah sauran."

Delu ta ɗaga hannu. Mutane suka fara murmushi tun kafin ta buɗe baki.

"Wa ya aiko da ita?"

Aka yi dariya. Wani dattijo ya ce, "Wa-ya-aiko, yau ma?"

"Yau ma. Ni dai tun da nike, ban taɓa jin wanda bai yi kisa ba ya biya diyya. In diyya ce, akwai mai ita. A nuna mini shi, in ga fuskarshi, sannan mu yi maganar kuɗi."

Alhaji ya ce, "Inna Delu, Turawa ne sunka tara kuɗinsu don tausayi."

"Turawa sunka kashe shi?"

Ta ɗaure zaninta ta fita, Sa'adatu ta bi ta a baya tana kuka. Madam ba ta fahimci abin da ya faru ba. An gaya mata tsohuwar ta raina kuɗin ne.

Sauran gidajen sun karɓa. Wasu sun sayi shanun noma, wani ya rufe ɗakinsa da kwano. A gidan Delu kuwa akwai marayu uku, Mardiyya da ƙannenta biyu, kuma kaskon kifi ne kawai yake ciyar da su, sai ɗan abin da Ibrahim yake turowa. Sa'adatu ba mai yawan magana ba ce, amma a kan wannan ta yi.

"Inna, maƙwabtanmu gidan su Sadiya sun karɓa, kuma ba a ce sun ci jinin kowa ba."

"Su sun san wanda ya kashe nasu. Ya shigo gari da bindiga, kowa ya gan shi. Mu fa?"

"Mardiyya ba ta da takalmin zuwa lekol."

"Zan saya mata."

"Da mi?"

"Uwar Mardiyya, ki saurare ni. Ranar da anka kama wani, anka ce ga wanda ya yi, ko ga wanda ya sa anka yi, sai a ce mana ai kun karɓa, kun yafe. Ke za ki iya tsayawa gaban yaran nan ki ce musu jika ɗari uku munka sayar da shi?"

Ibrahim ya kira ta a waya daga Najeriya ya ce ta karɓa. Ta ce masa idan ya dawo ya je ya karɓa da hannunsa, tunda shi ne namiji. Bai sake tayar da maganar ba.

Ta je wurin limamin unguwarsu, Malam Usman. Ya gaya mata cewa a shari'a diyya daga hannun wanda ya yi kisa take fitowa, ko danginsa, kuma idan masu jini suka karɓe ta a madadin hukunci, haƙƙinsu na neman hukuncin ya faɗi. Kuɗin ƙungiya kuwa, a ganinsa, taimako ne, babu abin da yake rufewa.

"To don mi anka ce diyya, Malam?"

"Wataƙila mai fassara ne ya rasa kalma."

"Alhaji ya rasa kalma? Mutumin da yake ciniki da harshe uku?"

Malam ya ce zato ba shi da kyau. Ta ce ita ba zato take yi ba, tambaya take yi.

Watanni suka wuce. Furojen ya kusa rufe aikinsa a yankin, gidan Delu ne kaɗai ya rage. Madam Asma'u ta zo tasha da kanta, ta zauna a bencin masu cin kifi, ta zo da wata malamar lekol, wato makarantar boko, ta yi mata tafinta. A nan ne Madam ta fara jin abin da diyya take nufi a kunnen Delu. Ta ce kalmar da ta karanta ma'anarta abin rage asara, kuma babu inda ta ce magana ta ƙare. Ta ce wannan jimlar ba tata ba ce. Delu ta sa aka maimaita mata hakan sau biyu. Sannan ta zuba wa Madam kifi a takarda, ta ƙi karɓar kuɗi, ta ce tana da sharaɗi: a faɗi haka a gaban Malam Usman da mutanen kwamiti, da Hausa, kuma ba Alhaji ne zai juya ba.

Aka yi zaman a zauren Malam, da hantsi. Malamar lekol ta faɗa a fili cewa kuɗin ba diyya ba ne, ba daga hannun mai laifi suka fito ba, kuma karɓarsu ba yafewa ba ce. Malam ya tambayi waɗanda suke wurin ko sun ji. Suka ce sun ji. Delu ta ce kada a ba ta a hannu, a ajiye a bakin tabarma kamar yadda masu ta'aziyya suke yi. Madam ta durƙusa ta ajiye, ta ce Allah ya ji ƙansa, da Hausarta mai karkata. Delu ta ce amin.

Da a nan aka tashi, da shi ke nan. Amma Alhaji, wanda yake cikin 'yan kwamitin, ya gyara hularsa ya ce, "Alhamdu lillahi, an wuce wurin. Ni dai Allah ya sani ban bar gidan nan ba. Tun kafin furoje ya zo nake biya, buhu-buhu. A tambayi matar yaron."

Delu ta juyo a hankali. "Biyan mi, Alhaji?"

"Taimako nake nufi, Inna. Gero. Yaron nan a aikina ya rasu."

"Biya ka ce."

"Baki ne ya kuɓuce."

"Rannan ya kuɓuce ya ce diyya. Yau ya kuɓuce ya ce biya."

Malam Usman ya yi gyaran murya, ya ce a yi fatiha. Aka yi, aka watse.

A gida Sa'adatu ta faɗi gaskiya. Duk shekara bayan girbi Alhaji yana aiko da buhun gero, da rana tsaka, lokacin da Delu take tasha. Buhu uku ke nan. Ta karɓa domin rumbu babu komai, ta ce wa Delu daga 'yan'uwanta na Gabi ne. Delu ta ci tuwon geron nan, ta sha furarsa, har ta aika da godiya Gabi.

"Ni da nake tambayar wa ya aiko da goro," in ji Delu, "buhu uku sunka shiga gidana ban tambaya ba."

"Inna, marayu ne sunka ci. Sadaka ce."

"Mai sadaka ba ya cewa ya biya."

Ba ta yi wa Sa'adatu faɗa fiye da haka ba. Ta miƙa mata kuɗin furojen gaba ɗaya, ta ce na yara ne, kada dala ɗaya ta shiga wata magana. Sa'adatu ta sayi awaki da keken ɗinki na hannu, aka yi wa Mardiyya takalmi. Delu kuwa ta kwance tumakinta biyu da take kiwo a bayan ɗaki ta kai su kasuwa, ta roƙi uwar adashinsu a ba ta kwasarta kafin lokaci, domin ta sayi gero buhu uku. Farkon damina ne, lokacin da gero ya fi tsada. Masu hatsi suka ce ta jira kaka farashi ya sauka. Ta ce ba za ta jira ba. Ta buɗe kowane buhu ta cusa hannu har gwiwar hannu, ta duba ko akwai ƙwari ko tsakuwa, ta sa aka auna mata da tiya a gabanta.

Ranar kasuwa, da rana a tsaye, ta ɗauki hayar amalanke, ta bi shi a ƙasa har ƙofar shagon Alhaji Abdurrahman. Aka sauke buhu uku. 'Yan kabu-kabu suka kashe injuna suna kallo.

"Alhaji, ga geronka. Ka duba, ya fi wanda ka aiko kyau."

"Subhanallahi, Inna Delu, mi ya yi zafi? Ni ba na karɓar abin da na bayar don Allah."

"In don Allah ne, ka ba wasu, ladanka na nan. Gidana dai ba a biya mu komai ba. Jama'a ku shaida."

Ta koma rumfarta ta hura wuta.

Na sami Alhaji a shagonsa bayan kwana biyu. Ya karɓe ni da kyau, ya sa aka kawo shayi. Ya ce shi ma ya yi asarar moto kuma bai taɓa neman a biya shi ba. Ya ce motocin da ake kawowa daga Najeriya duk kamarsu ɗaya, kowa yana iya cewa ya ga na wane. Tsamiyar kuwa, ya ce hanyar kasuwancinsa ce, ya san kowane icce a kanta, kuma waɗanda suka ɗauko gawar ne suka kwatanta masa wurin. Game da diyya, ya ce ita ce kalmar da mutane za su gane, kuma ya ƙara maganar ƙarewar zance ne domin zukata su huta. Ya ce baƙin ciki ne yake damun tsohuwar, ba ya riƙe ta a zuciya. Duk abin da ya faɗa yana iya zama gaskiya. Na tambaye shi sunan mai shagon ƙauyen da ya yi odar isansin. Ya ce mutumin ya bar yankin tuni, ya kuma tambaye ni ko shayin ya yi sukari.

Ya hana yaransa shigar da buhunan. Ya ce idan ya shigar, kamar ya yarda ne akwai wani abu tsakaninsa da gidan. Bai kuma bayar da su ga kowa ba, domin babu wanda ya yarda ya karɓa. Suna nan jingine da bangon shagon, masu sayen isansi suna kewaye su. A tasha an rabu biyu. Wasu suna cewa Delu ta wulaƙanta mutumin da ya ciyar da jikokinta. Wasu ba sa cewa komai, amma samari biyu sun mayar wa Alhaji da makullan motocinsa a cikin makon, kowanne ya ce zai koma gona. Lokacin shuka ne, don haka wannan ma yana iya zama gaskiya.

Delu ba ta da tumaki yanzu, kuma za ta yi ta zuba adashin da ta riga ta kwashe har bayan kaka. Na tambaye ta ko tana ganin Alhaji yana da hannu a mutuwar ɗanta. Ta juya kifi a kasko, ta ce ita ba ta ce ba. Ta ce abin da ta sani shi ne, ranar da za a tambaya, ko a nan ko a gaban Allah, babu wanda zai ce an ba gidansu wani abu sun yi shiru.

Jiya da la'asar hadari ya taso daga gabas. Ta bar kaskon a hannun Sa'adatu, ta cire ledar da take rufe rumfarta da ita, ta tsallaka hanya zuwa shagon. Alhaji yana zaune a ciki yana kallonta. Ta lulluɓe buhunan, ta danne gefen ledar da duwatsu, ta ja kowane gefe ta tabbatar ruwa ba zai shiga ba.

"Kar ya jiƙe," ta ce masa, "a ce ruɓaɓɓe na maido maka."